Takardar Haihuwar Zara

Ranar Litinin ce, a ƙarshen damina. An yi yayyafi da asuba, tsakar gida ta jiƙe. Ƙarfe shida na dama koko, na kai wa Iya nata har ɗaki. Iya ce ta haife mu, ni da Yaya Falmata, kuma shekara biyu ke nan da ƙafafunta suka daina ɗaukarta.

Mu biyar ne a gidan, a wata unguwa bayan babban titin Potiskum. Iya, Yaya, mijinta Malam Bukar mai sayar da wake a kasuwa, ni Fanna, sai Zara. Zara tana da shekara shida. A ranar za a kai ta firamare a yi mata rajista. Ni na ɗinka mata kayan makarantar, don ɗinki ne sana'ata.

Ni na haifi Zara. Ubanta Adamu direba ne, ya rasu a hatsarin mota kusa da Damagum ina da cikin wata bakwai. Na dawo gida, na haihu a ɗakin Iya. Jini ya ɓalle mini, na yi wata biyu a kwance ban san wanda ke kaina ba. Yaya kuwa ta shekara tara da aure, ko ɓari ba ta taɓa yi ba. Ita ta ɗauki jaririyar, ta raine ta da madarar gwangwani. Kafin in miƙe nonona ya ƙafe. Iya ta ce in bar mata. Ta ce 'yar fari ce, dama ba a rawar jiki a kanta, kuma ai gida ɗaya muke. Na bar mata.

Zara ta tashi tana ce wa Yaya Umma, ni kuma Anti. In ta faɗi ta ji ciwo, ta gabana take wucewa da kukanta ta tafi wurin Yaya. In ta samu alewa, Yaya take gutsura wa. Ina zaune a kan keken ɗinki ina jin dariyarsu ta bango. Goshin Adamu ne da ita, da wushiryarsa, amma in baƙi suka zo sai su ce ta ɗebo Yaya sak. Yaya ta yi murmushi, ba ta taɓa gyara musu ba. Ni ma ban taɓa ba. Sai dai in tashi in shige ɗaki.

Ƙarfe bakwai Malam Bukar ya kunna rediyo. Yaya ta fito da wata takarda a cikin leda, ta ajiye a kan tabarma, ta koma ɗaki neman mayafi. Na san tun Zara tana jaririya an yanka mata takardar haihuwa a asibitin da ake rigakafi, amma ban taɓa ganinta ba sai ranar. Na ɗauka. Da Turanci take, sai dai suna ba ya buƙatar fassara. Wurin uba an rubuta Bukar. Wurin uwa an rubuta Falmata. Ga hatimi, ga sa hannu. Na juya bayanta ko zan ga sunana ko na Adamu. Fari fat.

Yaya ta fito ta same ni da ita a hannu. Ta zare ta a hankali. Ta ce, "Kina kwance lokacin, Fanna. Suka tambayi sunan uwa, ni ce riƙe da ita." Ta ninke ledar ta soke a ƙugun zaninta. Can na ce zan raka su makarantar. Ta ce ba sai mun yi gayya ba.

Bakwai da kwata maɓallin wuyan rigar Zara ya cire. Yaya ta ce in mayar mata, ita za ta yi gaba bakin titi ta tare musu adaidaita. Malam Bukar ya tura babur ɗinsa ƙofar gida. Na tsuguna gaban Zara da zare da allura. Ta ɗaga haɓa, idonta yana kan ƙofar da Yaya ta fita.

Ban gama ɗinke maɓallin ba na ji ƙarar farko. Daga wajen titi ta zo, mai nauyi. Kwanon rufi ya girgiza, ƙasa ta zubo daga jikin bango. Kaji suka watse. Sai shiru na ɗan lokaci. Sai bindiga, ba ɗaya ba, kuma ba tsayawa. Sai ƙugin babura masu yawa suna shigowa lungunmu.

Na ji muryar namiji a ƙofar gida. "Kwanta! Kowa ya kwanta!" Malam Bukar ya ce wani abu, ban ji ko mene ne ba. Aka yi harbi biyu. Babur ɗinsa ya faɗi ya bugi ƙyaure. Rediyon yana ta magana a kan tabarma.

Na ja Zara muka ruga ɗakin Iya. Na kama kafaɗar Iya zan ɗaga ta. Ta fizge. Da Kanuri ta daka mini tsawa, yaren da ba ta yi mana sai ranta ya ɓaci. "Fita da yarinyar! Ta baya! Fita!" Warin fetur ya riga ya taso daga zaure. Na fizgo zani ɗaya daga igiyar shanya. Na kifa turmi a jikin katangar baya, na ɗora Zara a kan katangar, na hau, na dira, na sauko da ita. Allurar tana reto a wuyan rigarta. Na tsinke zaren da haƙori na yar.

Lungun baya cike yake da mutane. Mata da goyo, maza ba hula ba takalmi, wata tsohuwa da buta a hannu ba ta san tana riƙe da ita ba. Kowa ya nufi yamma, wajen gonaki. Na sa Zara a baya na ɗaure ta da zanin. Tun da na haife ta ban taɓa goya ta ba sai ranar.

Akwai wani ƙaramin titi da za mu tsallaka kafin mu shiga gonaki. A nan na ji an kira sunana. "Fanna! Fanna!" Muryar Yaya ce. Na waiga. Tana can ƙasa, nisan gida kamar goma, jingine da ƙofar wani shago. Hannunta na hagu yana lilo, mayafinta ya rine da jini. Tsakaninmu wata adaidaita tana ci da wuta. A daidai lokacin ba a harbi a wurin. Da na so, da na isa gare ta. Zara ta kifa fuska a bayana ta toshe kunnuwa, ba ta ji ba. Na juya na faɗa cikin gero.

Na sha faɗa wa kaina don yarinyar na yi haka. Akwai wannan a ciki. Amma na san abin da na ji a ƙirjina lokacin da ganyen gero ya rufe mu. Na ji yau dai tawa ce.

Geron ya fi mu tsayi, ya fitar da kai. Ƙasa duk laka. Takalmina ɗaya ya maƙale, na bar shi, na cire ɗayan ma na yar. Muna jin harbin a bayanmu har hantsi ya dubi ludayi. Wajen ƙarfe goma ya koma jefi-jefi. Wani jirgi ya wuce ƙasa-ƙasa, wani ya ce, "Ku duƙa!" Muka duƙa tsakanin kunyoyin gero har ƙararsa ta yi nisa. Na waiga sau ɗaya. Hayaƙi ya tashi wuri uku a kan gari, ban iya gane wanne ne namu ba. Muna tafe a jere, ba mai magana. In wani jariri ya fara kuka sai ka ji an ce, "Ba shi nono!"

Zara ba ta yi kuka ba. Sau biyu ta tambaye ni ina Umma. Na ce tana zuwa. Ta ce sabon takalminta ya ɓaci. Na ce zan wanke mata. Daga nan ta yi barci, kumatunta a kan kafaɗata, numfashinta yana sauka a wuyana. Bayana ya ƙage, tafin ƙafata yana jini. Wata mata ta ce in kawo ta karɓe ni ko na ɗan lokaci ne. Na ce ta bari.

Da azahar muka ɓulla wani ƙauye. Matan garin suka fito da ruwa a ƙwarya, da fura. Wani dattijon manomi, Hausarsa duk yaren Karekare a ciki, ya ɗaure shanunsa a amalanke ya ɗebi mata da yara. Ana kiran la'asar muka shiga Nangere. An buɗe wata makaranta, an zuba mutane a azuzuwa. Muka samu gefen tabarma. Na kai Zara rijiyar burtsatse na wanke mata ƙafa da takalmi. Aka raba dafaffiyar shinkafa, na ba ta a baki. A jikina ta kwana, ta riƙe rigata gam. Da safe wata mata a gefenmu ta ce, "'Yarki akwai haƙuri." Na ce, "Haka take."

Ranar Talata aka kafa tebur a gindin darbejiya. Ma'aikata suka zo rubuta sunaye. Sun fi tsanantawa a kan yara, domin wasu sun rabu da iyayensu a hanya, kuma ba a so wani ya tafi da ɗan da ba nasa ba. Layi ya zo kaina wajen sha ɗaya. Ma'aikaciyar babbar mace ce mai tabarau. Ta rubuta sunana, ta rubuta na Zara.

"Yaya kuke da ita?"

Na ce, "'Yata ce." Karon farko ke nan da na faɗa a gaban wani.

"Akwai takardar haihuwa, ko katin asibiti?"

"Da kayan jikinmu muka fito, Hajiya."

Ta gyaɗa kai, tun safe amsar da take ji ke nan. Ta sunkuyo wajen Zara. "'Yan mata, wannan ce mamanki?"

Zara ta dube ni, ta dubi matar. "Anti ce. Ummata ba ta zo ba tukun."

Matar ta cire tabarau. Na fara bayani, maganar ta harɗe mini. Jinya, nono, Yaya, Iya. Mutanen layi suka yi tsit suna saurare. Ta bari na gama, sannan ta ce, "Baiwar Allah, ban ce ƙarya kike yi ba. Amma ni ba ni da abin kamawa." Ta rubuta ƙanwar uwa a gaban sunana. Ta ce in riƙe yarinyar amana, kada in fita da ita daga Nangere sai uwarta ta zo ko an ji labarinta.

Ranar Laraba aka liƙa sunayen waɗanda aka kwantar a asibiti a jikin ofishin hedimasta. Kowa ya tafi dubawa, waɗanda ba su iya karatu ba suna roƙon a karanta musu. Ni ban je ba. Na ari mataji, na zaunar da Zara tsakanin ƙafafuna, na tsefe kitson da Yaya ta yi mata na shiga makaranta, na yi mata nawa. Na daɗe ina yi. Ta ce hannuna ya fi na Umma zafi. Na sassauta.

Da yamma wani maƙwabcinmu ya iso. Ya ce gidanmu ya ƙone. An sami Malam Bukar a ƙofa, Iya a ɗakinta, an rufe su tun ranar Litinin bayan la'asar. Yaya kuwa bai gan ta ba. Na yi kukan Iya har muryata ta dishe. Ban ce masa na ga Yaya ba. Ban tambaye shi ko an duba asibiti ba.

Alhamis da hantsi wata mota ta tsaya a bakin makarantar. Yaya ta sauko, hannun hagu a naɗe an rataye mata shi a wuya. Ta zabge kamar wadda ta yi wata tana jinya. Zara ce ta fara ganinta. Ina riƙe da hannunta, ta fizge ta ruga. "Umma! Umma!" Yaya ta durƙusa a ƙasa ta rungume ta da hannu ɗaya. Mata suka kewaye su suna hamdala, wasu suna share hawaye. Ni ma na ji sanyi da na gan ta da rai, Allah ne shaidata. Amma ban iya matsawa kusa ba. Ina tsaye inda Zara ta bar ni.

Yaya ta shafa kan Zara, ta ji kitson ba nata ba ne. Ta ɗago ta dube ni.

"Na kira ki, Fanna."

"Ban ji ba, Yaya."

Ta daɗe tana kallona. Har yau ba ta sake tayar da maganar ba.

A gaban tebur ta zaro ledar daga ƙugunta. Jini ya taɓa gefen ledar, bai kai ga takardar ba. Ma'aikaciyar ta karanta, ta dubi Yaya, ta dubi Zara da ta maƙale mata. Ta soke layin da ke ƙarƙashin sunana, ta mayar da Zara ƙarƙashin na Yaya. Abin bai ɗauki minti biyu ba. Ba ta dubi inda nake ba, kuma na gode mata da hakan.

Bayan sati ɗaya ƙanin Malam Bukar ya zo daga Gombe. Ya ce Yaya za ta ƙarasa takaba a gidansa, kuma 'yar yayansa ba za ta ci gaba da kwana a aji ba. Ya san wadda ta haifi Zara, da shi aka ci ragon sunanta. Na tuna masa. Ya ce, "Marigayi ya riƙe ta shekara shida, sunansa ne a takardarta. Ni ba zan canza abin da ya bari ba." Bai ce in biyo su ba.

Na je kotu a nan garin, na sami magatakarda, wani dattijo mai sanyin magana. Ya saurare ni har ƙarshe. Ya ce takarda ba ita ce ƙarshen zance ba, amma alƙali zai ɗauke ta a kan gaskiya har sai an kawo abin da ya rinjaye ta. Ya ce in zo da shaidun da suka san haihuwar, in abin ya yi tsauri a tura mu gwajin jini. Ya ce za a kira yayata ta tsaya ta faɗi dalilin da ya sa ta ba hukuma sunan da ba shi ne ba, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne a kanta. "Haƙƙinki ne," in ji shi, "kuma haƙƙin yarinyar ne ta san ubanta. In kin shirya ki dawo."

Ungozomar da ta karɓi haihuwar ta rasu tun kafin wannan. Iya ta tafi. Amma akwai mata biyu 'yan lungunmu a cikin makarantar, da su aka yi mini wankan jego. Na same su. Suka ce za su tsaya, in rantsuwa ce ma za su yi. Ranar na yi tafiya kamar ƙafata ba ciwo.

Na sami Yaya a bayan aji tana ƙoƙarin matse rigar Zara da hannu ɗaya. Na faɗa mata inda na je da abin da aka ce. Ba ta ɗago ba. Ta ce, "Malam ya tafi, Iya ta tafi, gida ya tafi. In za ki karɓe ta, ba sai kin kai ni gaban alƙali ba. Ki karɓa. Amma ke za ki faɗa mata da bakinki. Ni ba zan iya ba."

Na ƙwala wa Zara kira. Tana carafke da wasu yara a bakin baranda. Ta zo da gudu, duwatsun a hannunta. Ta wuce ni, ta jingina da Yaya ta gefen hannun mai lafiya, ta kama bakin zaninta. Tun da Yaya ta dawo ba ta yarda ta yi nisa da ita, ko banɗaki za ta shiga sai ta tsaya a ƙofa. Ta ɗago ta dube ni. "Anti, ga ni."

Na buɗe baki. Yaya ta rufe ido. Na ce wa Zara ta je ta sa takalmi, akwai fasassun kwalabe a wurin. Ta ce to, ta ruga.

Na karɓi rigar daga hannun Yaya na matse, na shanya. Ban koma kotu ba.

Ranar Asabar na raka su tasha a Potiskum. An fara buɗe shaguna, sojoji a kowace kwana. Ban je ganin gidan ba. Zara ta samu wajen taga a kan cinyar Yaya. Direba ya rufe ƙofa ƙarfe tara da 'yan mintuna. Ta ɗaga mini hannu sau ɗaya, sai ta juya tana nuna wa Yaya wani abu a ɗaya gefen.

Yanzu ina nan Potiskum, a ɗaki ɗaya a gidan wata ƙawar Iya. Zara ta kusa gama sakandare a Gombe. Zara Bukar ake kiranta. Takardar firamare, ta jarrabawa, katin ɗan ƙasa, kowacce daga ta farkon aka kwafo. Sunan Adamu ba ya ko ɗaya. Da sallah Yaya takan kira, ta miƙa mata waya ta gaida Anti. Muryarta ta zama ta manya. Wani lokacin ina jin Yaya daga nesa tana ce mata ta duba tukunya, ita kuma ta ce, "To, Umma." Sai in ce mata ta je, kada girki ya kama.

In ana lissafin waɗanda unguwarmu ta rasa, mutum biyu ake ba gidanmu, Iya da Malam Bukar. Haka aka rubuta, ban taɓa cewa a ƙara ba. Zara tana raye, tana cikin ƙoshin lafiya. Kwana uku ta yi a hannuna, daga safiyar Litinin zuwa hantsin Alhamis. Su ke nan nawa.